Ranar da Sunaye Suka Zube

Lukumanu ya tura ƙofar ɗakin ajiya da kafaɗa, don damina ta kumbura katakon, sai ya ji wani abu ya manne masa a tafin ƙafa. Ya ɗaga ƙafar ya duba. 'Yar takarda ce fara, ta nannaɗe kamar busasshen ganye, da suna a jikinta da rubutun ƙanwarsa Iklima. Da ya kunna wuta sai ya ga sauran warwatse a kan siminti, wasu sun manne da juna, wasu sun shige ƙarƙashin tabarma. Akwatunan roba kuwa suna nan a jere har kusa da rufi, shuɗaye, duk iri ɗaya, babu ko guda da ya rage da suna a jikinsa.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tsuguna ya shiga tsince takardun yana zubawa a cikin hularsa.

Mahaifinsa, Alhaji Nomau, mai gidan fatake ne a unguwar Williamsville tun kafin a haifi Lukumanu. 'Yan kasuwar da ke zuwa Abijan daga Sakkwato da Gusau da Kano a gidansa suke sauka, shi yake haɗa su da masu kaya a tashar jirgin ruwa, in za su koma kuma su bar masa ajiya. A shekarar da rikici ya tashi a ƙasar, da yawansu suka tafi a gaggauce, kowa ya ɗaure abin da ba zai iya ɗauka ba a zani ko tsohon buhu ya miƙa wa Alhaji. Wasu sun dawo sun karɓa. Wasu har yau shiru. Alhaji bai taɓa rubuta sunan kowa a jikin ƙunshi ba, bai kuma taɓa kwance ko ɗaya ba. Yakan ce kowane mutum da irin ƙullinsa, shi da yatsa yake karanta suna.

To, sai hankalin Alhaji ya fara tafiya yana dawowa. Bara kuma ruwa ya shiga ɗakin ya cinye gindin tsofaffin akwatunan ƙarfe, Iklima ta sayo na roba masu murfi. Wata safiya da Allah ya kawo tsohon garau, suka zaunar da shi, yana shafa ƙulli yana faɗin mai shi, Iklima tana rubutawa a kan etiket, 'yar takardar nan mai gam a baya, tana mannawa. Tun daga ranar ba su sake samun safiya irinta ba.

Kuma yau ne Sharhabilu zai iso, ɗan marigayi Kalla na Sakkwato, don ya karɓi ajiyar mahaifinsa.

Mahaifiyarsu, Inna Tabawa, tana dama koko a tsakar gida lokacin da ya ajiye hular a gabanta. Ta duba, ta duba shi, ta ajiye ludayi.

"Duka?"

"Duka, Inna."

Iklima ta fito da farar rigarta ta aiki, jaka a kafaɗa, za ta tafi kantin maganin da take aiki. Ta leƙa hular ta dafe kai.

"C'est pas possible, ba zai yiwu ba. Yaya, da hannuna na danna su. To ai da sauƙi, na Kalla yana layin ƙasa, kusa da taga. Na tuna."

"Na sha jujjuya su in ina shara," in ji Inna a hankali. "Wanda ke ƙasa yau, gobe yana sama. Don kada nauyi ya fasa na ƙasan."

"To a kwance a duba mana."

"A duba me? Kin san abin da Kalla ya ɗaure? Kuma muddin ubanku yana numfashi a gidan nan ba a kwance ƙullin wani."

Su duka suka juya wajen baranda. Alhaji yana zaune a kan buzunsa, carbi a hannu, yana kallon kajin maƙwabta. Lukumanu ya je ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa da fara'a sosai, ya riƙe masa hannu, ya tambaye shi mutanen gida, sannan ya ce, "Kai ɗan wane ne a unguwar nan?"

"Ɗanka ne, Baba. Lukumanu."

"Madalla. Allah ya yi albarka." Ya koma kallon kaji.

Lukumanu ya shiga ɗakin ajiya ya ciro murfin akwati guda ya saƙale a hammata. Iklima ta ce ko a rubuta da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, kai tsaye a jikin robar, ya tuna mata sun gwada tun farko, yatsa kawai ya goge rubutun.

"Ni dai abin da nake tsoro," in ji shi, "Allah ya sake ba mu rana irin waccan, ta same mu ba mu da abin da zai riƙe. Bari in nemo. Motar baƙon sai bayan azahar."

Ya aika wa shugaban masu dako saƙo cewa yau ba zai zo tashar jirgin ruwa ba, ya tare woro-woro, irin tasin nan ta haɗin gwiwa, zuwa kasuwar Adjame.

Layin masu littattafai yana bayan masu robobi da bokitai. Ya tsaya a rumfar wata mata mai jiki wadda ke cin gyaɗa tana sauraren rediyo. Da Faransancinsa na kasuwa ya yi mata bayani. Ta zaro masa etiket irin na littafin 'yan makaranta, masu furanni a gefe. Ya roƙa ta bar shi ya gwada guda. Ya manna a murfin, ya danna da babban yatsa, suka tsaya suna kallo su biyu. Kafin rediyo ta gama talla, kusurwar takardar ta ɗago kai.

Ta ba shi wata mai ƙyalli, ta ce ta ofisoshin unguwar Plateau ce. Ita ma ta ɗago. Ta yanko salatif ta lulluɓe, salatif ɗin ya zame kamar an ɗora shi a kan kifi.

"Ɗana, kai ba saye ka zo ba, gama min kaya ka zo," ta ce, amma tana dariya. "Me ke cikin akwatin nan da sai sunansa ya kai tashin duniya?"

Ya gaya mata a taƙaice. Ta daina tauna gyaɗar.

"Yako," ta ce, kalmar da mutanen garin ke yi wa mai damuwa jaje da ita. "Uwata ma haka ta yi kafin ta tafi. Ji nan, kayana takarda ne, takarda kuwa danshin garin nan take sha ta kumbura. Ka je wurin masu buga rubutun da ake mannawa a jikin mota. Nasu ruwa yana dukansa, rana tana dukansa, yana nan."

Sai a lokacin Abdulra'uf ya faɗo masa a rai, abokinsa na makarantar allo, wanda yake da shagon buga irin wannan a unguwar Treichville. Ya yi wa matar godiya, kuma saboda kunya ya sayi fakiti ɗaya na masu furannin, ya cusa a aljihu.

Ruwa ya sauko suna kan gada. Ta gilashin woro-woro yana hango jiragen kaya a tsaye a tasha, da layin ma'ajiyoyin da yake dako a cikinsu. A jikin gilashin gaba direban ya manna wata addu'a da jan rubutu, gefenta ko ɗagowa bai yi ba. Lukumanu ya kai farce ya ɗan taɓa.

"Malam, in ka ɓare min ita a nan za ka sauka," in ji direban.

Shagon Abdulra'uf yana wani lungu bayan tashar Bassam, tsakanin mai gyaran babur da mai sayar da abincin da ake kira garba. Yana sunkuye a kan teburi yana yanka harafi da reza. Haifaffen Abijan ne kamar Lukumanu, amma shi ya yi boko, Hausarsa rabinta Faransanci.

"Kai, ɗan dako. An kore ka ne daga aiki, ka koma tallan murfi?"

"Gara ni, ina ɗaukar abu mai nauyi. Kai tun safe harafi ɗaya kake fama da shi."

Suka tafa. Lukumanu ya ajiye murfin ya faɗi abin da ya kawo shi. Abdulra'uf ya ɓare guntayen takardun matar Adjame da ɗan yatsa yana girgiza kai, ya jawo wani naɗi fari daga ƙarƙashin teburi.

"Wannan ba takarda ba ce, vinil ne, roba ce ita ma. Shi nake yanka wa masu durom ɗin sinadari a tasha. Durom ya ƙetare teku, gishiri ya dake shi, sunan yana nan. Duba ka gani."

Ya yanko guntu ya manna, ya murje da bayan almakashi, ya harɗe hannu yana jiran yabo. Lukumanu ya sa yatsa ya tura gefen. Guntun ya zame gefe guda a hankali, ya bar sawu mai ƙyalli.

Abdulra'uf ya ɓata fuska. Ya sake yanko wani, ya sake mannawa, ya sake zamewa. Ya ɗauki murfin ya juya shi gaba da baya kamar ya zage shi. Can sai ya kai shi hanci.

"Wa ya shafa wa wannan kananzir?"

Lukumanu ya karɓa ya sansana. Warin a hancinsa ba baƙo ba ne, shi ya sa bai taɓa lura ba. Warin ɗakin ajiya ne tun yana yaro. Sai ga Inna a idonsa, duk ranar Juma'a da hantsi, da tsumma da 'yar kwalba, tana bin akwatunan ƙarfe tana gogewa saboda kyankyasai da gara da tsatsa. Da aka kawo na roba ba ta canza komai ba. Amanar mutane ce, ita kuma haka ta iya kula da ita.

"Tsohuwarmu ce," ya ce. "Maganin ƙwari."

"Ai shi ke nan. Robar irin wannan akwati dama santsi gare ta, gam ba ya son ta ko tana da tsabta. Ka zo ka ƙara mata mai. Ko ƙusa ka buga sai ta zame." Ya yi dariya, sannan ya ga fuskar abokinsa, ya rage. "Ba laifinta ba ne. Wa ya gaya mata?"

Ya wanke rabin murfin da omo, ya goge, ya bi da auduga da alkol, wato sifirit, har robar ta fara ƙara a ƙarƙashin yatsa. Ya yanko sabon guntu, ya zagaye kusurwoyinsa da almakashi, ya ce kusurwa mai tsini ita ce ke fara ɗagowa. Ya manna, ya murje daga tsakiya zuwa gefe. Ya ɗauko baƙar maka ya rubuta LUKUMANU ƊAN DAKO, ya jira ya bushe, sannan ya jefa murfin cikin bokitin da ke tarar ruwan indararo a bakin ƙofa, ya ɗora dutse.

"Zo mu ci garba. In mun gama sai mu gani."

Suka zauna a benci suna cin aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi da barkono, ruwa yana zuba daga kwano. Abdulra'uf ya tambayi jikin Alhaji. Lukumanu ya ce da sauƙi, sannan ya ce a gaskiya yau bai gane shi ba. Suka ci gaba da ci.

Da suka ciro murfin, rubutun yana nan baƙi ƙirin. Lukumanu ya sa farce ya yi ta ƙoƙari, farcen ne ya lanƙwashe.

Abdulra'uf ya yanka masa tuli, duk da zagayayyun kusurwoyi, ya haɗa da makar. "Kowane akwati biyu. Ɗaya a jiki, ɗaya a cikin murfi, inda tsummar Inna ba ta kaiwa. Da kun yi haka tun farko da yanzu kana wurin dakonka."

"Wallahi ko kaɗan bai zo mana a rai ba."

Lukumanu ya sa hannu a aljihu zai biya, Abdulra'uf ya buge hannun.

"Ragowar yanka ce, zubarwa nake. Kuma keken ɗinkin babata a ɗakin nan naku ya zauna lokacin da muka gudu garin Bassam. Da muka dawo ko allura ba ta ɓata ba. Tafi, kar ka sa in yi maka rashin kunya."

Motar Najeriya ta iso a makare, jikinta duk jar laka. Lukumanu bai sha wuyar gane baƙon ba. Dogo ne siriri, kafaɗarsa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka, tsayuwar Kalla sak, kamar yadda ya san shi yana yaro. Suka gaisa, ya yi masa ta'aziyya, ya karɓi jakarsa.

Ya so ya bari sai sun isa gida, baƙo ya sha ruwa tukun. Amma suna hawa gada ya ga ba zai iya zama kusa da mutumin da maganar a cikinsa ba. Ya faɗa masa duka: hankalin Alhaji, da sunayen da suka zube, da cewa ajiyar tana nan lafiya amma babu wanda ya san wacce ce.

Sharhabilu ya juya yana kallon ruwan da ke ƙarƙashin gadar har suka sauka.

"Ni ma ban san mi ke ciki ba," ya ce daga baya, da harshensa na Sakkwatawa. "Abin da ya ce kawai, yana da ajiya wurin Nomau. Na baro 'yan'uwa suna jira, an ce ba a raba gado sai na koma da ita." Ya sauke numfashi. "Da ka so, ai sai ka ɗauko kowane ƙunshi ka ba ni. Ba zan gane ba."

"Ba a yi haka a gidanmu."

"Na sani. Shi ya sa ya bar ta can."

A gida Alhaji yana barci. Lukumanu ya fito da ƙunsunan ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan tabarma a baranda, ya kwaso akwatunan zuwa bakin famfo. Inna ta tsaya a kansa tana kallo.

"Wankin me kuma? Shekaranjiya na goge su."

Ya ci gaba da kaɗa omo a bokiti, bai ɗago ba. "An ce wannan irin robar ba ta shiri da kananzir, Inna. Ba kamar ƙarfe ba. Mu ne ba mu tambaya ba da muka sayo."

Inna ta dubi akwatunan, ta dubi hular da har yanzu take ajiye da takardun a ciki. Ta shiga ɗaki, ya ɗauka fushi ta yi. Sai ga ta ta fito ta ɗaure zani sosai, da soso a hannu, ta ture shi gefe da gwiwar hannu.

"Matsa. Kai wanki ka iya? To kyankyasan fa, wa zai hana su?"

"Murfin yana kamawa gam, ko tururuwa ba ta shiga."

"Haka kuka ce da takardun ma."

Sharhabilu ya sha ruwa, ya yi sallah, ya ƙi zama. Ya naɗe hannun riga ya shiga ɗauraya. Iklima ta dawo da wuri da kwalbar alkol da auduga, don Lukumanu ya kira ta tun daga Treichville. Ta ji warin da ke tashi daga ruwan wankin, ta buɗe baki za ta yi magana, ta haɗa ido da yayanta, ta rufe. Ta zauna tana bin kowane akwati da auduga. Ruwa ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo, akwatunan suka bushe a jere a jikin bango.

Bayan la'asar Alhaji ya fito yana dafa bango. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi ƙunsunan da ke kan tabarma, ya dubi dogon mutumin da ya ba shi baya yana yarfe ruwa daga hannu.

"Kalla," ya ce. "Kai ma tafiyar za ka yi?"

Sharhabilu ya juyo a hankali. Ya dubi Lukumanu. Lukumanu ya haɗa tafukan hannunsa a ƙirji alamar roƙo. Baƙon ya goge hannu a riga, ya zo ya durƙusa gaban tsohon.

"Tafiyar zan yi, Alhaji."

"Kowa tafiya. Garin zai lafa, ku ne ba ku da haƙuri." Alhaji ya zauna a kan buzu, muryarsa ta koma irin ta da, mai ƙarfi. "Dubi abin da suka tara min tun safe, kamar ni ne hukumar kwastan. Naka ga shi can, mai igiyar rama. Kai kaɗai ke ɗaure kaya kamar za ka ɗaure raƙumi."

Iklima ta riga ta cire murfin maka. Ta rubuta sunan. Lukumanu ya ɗauko ƙunshin ya sa a akwati, ya manna sunan a jiki da cikin murfi, ya murje da bayan cokalin da Inna ta miƙo masa ba tare da ya roƙa ba.

"Miƙo min shi in tafi da shi, Alhaji?" in ji Sharhabilu a hankali.

"Wa ya taɓa karɓar ajiya a gidana da yunwa? Tabawa, a sa wa Kalla abinci. Zauna nan ka taya ni, idona ya fara gajiya."

Sharhabilu ya zauna, ya riƙa jawo ƙunsunan yana ajiyewa a gaban tsohon. Alhaji yakan ɗora hannu a kan ƙullin, ya bi shi da yatsa, sai sunan ya fito da labarinsa. Wannan na Rabi'u mai batir ne, bahago ne, ƙullinsa kullum a juye. Wannan na Sa'ad na Gusau ne, wanda ba ya yarda da ƙulli ɗaya sai ya ƙara wani a kai, ko matarsa bai yarda da ita ba. Wannan na Malam Abdulbaƙi ne, dubi yadda ya ɓoye bakin igiyar, haka yake ɓoye farashi. Inna tana murhu tana dariya ƙasa-ƙasa, tana share ido da gefen mayafi. Iklima tana rubutu, Lukumanu yana mannawa yana murzawa har yatsunsa suka yi zafi. Babu wanda ya yi tari mai ƙarfi. Da yaron maƙwabta ya shigo da ƙwallo, kallo ɗaya Inna ta yi masa ya koma.

Wani lokaci tsohon yakan kauce ya shiga zancen farashin goro, ko ya tambayi Kalla labarin wani da ya daɗe da rasuwa. Sharhabilu yakan amsa da abin da ya sani, abin da bai sani ba ya ce sai godiya. Sannan ya turo ƙunshi na gaba.

Da aka kawo tuwo Sharhabilu ya ci, Alhaji ya sa aka buɗe akwatin Kalla. Ya ɗauko ƙunshin da hannunsa biyu ya ɗora masa a cinya.

"Duba ƙullinka. Yadda ka ɗaure haka yake."

Sharhabilu ya dubi igiyar. Ya bi ta da yatsa kamar yadda ya ga tsohon yana yi, ya daɗe kansa a sunkuye.

"Haka yake, Alhaji. Allah ya saka da alheri."

"Yaron nan naka mai dogon suna fa? Ya fara bin ka kasuwa?"

"Ya fara."

"To ka turo min shi. Gida yana nan."

Ƙunshi ɗaya ya rage a kan tabarma, ƙarami, a cikin koren zani, lokacin da ladan ya kira magariba. Alhaji ya ɗora hannu a kansa, ya shafa, ya sake shafawa. Suka jira. Ya ɗago ya dubi Sharhabilu da fara'ar nan tasa ta safe.

"Baƙo muka yi? An ba shi ruwa?"

"An ba shi, Baba," in ji Lukumanu.

Ya sa koren ƙunshin a akwatinsa, ya manna masa farin etiket ba rubutu, ya ajiye shi a sama inda hannu zai kai da sauri. Makar kuma ya ɗaure ta da zare a jikin ƙusar ƙofa.

Bayan sun dawo daga masallaci suka mayar da akwatunan ɗaki. Iklima tana karanta sunayen da ƙarfi tana dariya, wai ita ba ta taɓa sanin Malam Abdulbaƙi ɓoye farashi yake ba. Inna ta ɗauke kwalbar kananzir daga kan taga ta kai kicin. Na Kalla ne kawai ya rage a baranda, babu komai a ciki. Lukumanu ya zauna ya sa farce zai ɓare sunan, don akwatin ya yi wani amfani. Ya gwada ta wannan gefe, ya gwada ta wancan. Ya ɗauko cokalin ya kankara, ko gezau.

"Abdulra'uf ya cuce mu," ya ce. "Wannan sai dai a yanke robar."

Sharhabilu yana zaune a gefe, ƙunshin mahaifinsa a cinya, bai kwance ba, sai a gaban 'yan'uwa.

"Bar sitikar nan yadda take," ya ce. "Ai ka ji an ce a turo ni. Bayan Sallah in Allah ya yarda zan dawo in gwada kasuwar. Zan buƙaci masauki, da inda zan bar abu in zan koma. Ko mai gidan ba ya karɓar sababbi?"

Lukumanu ya waiga wajen mahaifinsa. Tsohon ya jingina da bango, carbi ya zame daga hannunsa, yana gyangyaɗi. Ya dubi Inna, ita kuma ta ci gaba da kwashe kwanuka kamar ba ta ji ba.

Ya ajiye cokalin. Ya rufe akwatin, ya danna murfin har ya yi ƙara, ya ɗauka ya kai ɗakin ajiya, ya sa shi a layin ƙasa, kusa da taga.